Inda Zarto Ya Yanka

Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da fenti a gwangwani, mai ƙyalli, ana lafta shi da burushi a tafi, ba ku san abin da ake kira tsare itace ba. Wanda ya sani shi ne Ɗan'azumi na Dingaya, wanda daga Gwaram har Birnin Kudu ba a kiransa sai da Mai Baƙin Hannu. Hannun nasa kuwa baƙi ne da gaske. Shekara hamsin yana cikin baƙin mai, har man ya shige zanen tafinsa ya zauna. Ko ranar Sallah ya miƙo maka hannu, sai ka ɗan duba rigarka bayan kun gaisa.

Mutum ne da mutuwa ta yi ta zagayawa tana komawa. Kububuwa ta sare shi sau biyu, a ƙafa ɗaya. Ya faɗo daga kan rufin wani sito a Zandam, ya tashi ya kakkaɓe riga ya tambayi inda gudumarsa ta faɗa. Shekarar amai da gudawa an ɗauki mutum huɗu a gidansu, shi ya haƙa kabarin uku, na huɗun ma bai haƙa ba ne don shi kansa yana kwance. Bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa bai iya rubutawa ba, amma ka ɗora masa katako a kafaɗa ya ƙwanƙwasa da yatsa, zai gaya maka shekarun da suka rage wa katakon. Ba ya kuma ɓoye wannan. In ka zauna kusa da shi a gindin darbejiya, kafin ka gama gaisuwa ka ji shi duka, gobe ma ka sake ji.

Ga yadda aikinsa yake. Yakan samo baƙin mai daga garejin manyan motoci, ya zuba a rabin duro, ya sa ɓawon maɗaci da dakakkun 'ya'yan darbejiya, ya ɗumama a kan murhu. In ya sauke sai ya tsiyaya ɗan kananzir don man ya ratsa. Da zafinsa yake shafa wa katako, da tsumma, sau uku, kwana uku, a rana. Bakin katakon kuwa, wato wurin da zarto ya yanka, ba shafa masa yake yi ba, tsoma shi yake cikin duron ya wuni yana sha. Yakan ce ta nan itace yake shan ruwa yana raye, ta nan kuma gara take shiga in ya mutu. Kwanon rufi sai ya dirje shi da yashi, ya shafa jan fenti, ya bi kan kowace ƙusa da ɗigon narkakkiyar kwalta don kada tsatsa ta samu ƙofa.

Abin da ya fi bugun ƙirji da shi, ɗakin matarsa Talatu. Shi ya rufa shi shekara talatin da ɗaya da suka wuce, katako goma sha ɗaya, irin rufin nan da ake binne bakin katako cikin bangon ƙasa. Da ambaliya ta ci gari shekara biyar baya, ɗakunan gidan suka zauna ɗaya bayan ɗaya, har zauren, wannan kaɗai ya tsaya. Tun daga nan Ɗan'azumi ya kafa 'yar rumfar zana a ƙofarsa yake kwana, duk baƙon da ya zo kuma sai ya ja shi ciki ya nuna masa sama. Katakan baƙi wuluk, suna sheƙi kamar jiya aka ɗora su.

A ƙarƙashinsu Talatu take kwance, a kan gadon ƙarfenta da aka ɗora ƙafafunsa bisa wasu guntayen baƙin katako saboda danshi. Shekara uku ke nan ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Shi yake juya ta, shi yake dama mata kunu, shi yake ɗaga kanta ya ba ta, yana yi yana ba ta labarin kububuwa, kamar ba ita ce ta ɗaure masa ƙafar ba. 'Ya'ya bakwai suka haifa, ɗaya ta rage, Hadijatu, tana aure a Birnin Kudu wurin wani mai walda, Kamaluddeen. Tun ranar da uwar ta kwanta Hadijatu take son ɗauke ta. Ɗan'azumi ya ce ba inda za ta. Kowa ya san dalili ko da bai faɗa ba: in Talatu ta tafi, to ta tafi ke nan. Tsoho ba ya tattara tsummansa ya tare a gidan suruki, ya ci tuwon mijin 'yarsa, ya yi tari a tsakar gidansa. Ba a yi, shi kuma ba zai fara ba. Rufin nan shi ne ya riƙe masa matarsa a Dingaya, ba wani abu ba.

Wani hantsi, ruwan farko bai daɗe da sauka ba, yana ba ta kunu sai ta kau da kai.

"Malam," ta ce, da muryar nan tata da ta yi nauyi tun zuwan ciwon, "ana cin ɗakin nan."

"Wa yake ci?"

"Ina ji. In gari ya yi shiru da rana, sai in ji kamar ana zuba gero a faranti, a hankali a hankali."

"Kunnenki ne. Kwanciya ce ta yi miki yawa."

"Kunnen nawa ne ya zubo min wannan?"

Ta nuna zanenta da hannun mai lafiya. Ga 'yar jar ƙasa ƙwaya-ƙwaya a kan ƙirjinta. Ya sa bayan hannu ya share.

"Ƙadangare ne ya bi ta kan bango. Ke Talatu, garar da za ta ci aikina ko uwarta ba a haifa ba. Gara in ta hango ni hanya take sakewa."

"To," in ji Talatu. Ta buɗe baki ya ci gaba da ba ta kunun, idonta yana sama.

Ranar Juma'a Hadijatu ta zo, mijinta ya kawo ta a babur. An yi ruwa jiya da yamma, gari ya yi laushi. Kamaluddeen ya tsuguna daga bakin ƙofa ya gaida surukarsa, bai shiga ba. Hadijatu ta ɗauki tsintsiya, ta ja akwati, sai ta tsaya. Ta fito da tafinta cike da fukafukai sirara masu sheƙi, irin na shinge, garar da ke tashi bayan ruwa.

"Baba, shinge a cikin ɗaki?"

"Daga waje suka shigo. Haske suka bi."

"Wane haske? Fitilar Inna tun azumi ta mutu. Ƙofa a rufe, taga a rufe. Daga bango suka fito, Baba. Gidan gara ne a cikin bangon nan."

"Kina goye na rufa ɗakin nan, yau ke za ki karanta min shi?"

Kamaluddeen ya gyara tsuguno, kansa a ƙasa. "Baba, da za ka yarda in hau in duba. Ina da ragowar bututun ƙarfe a shago. Yanzu ruwa bai zauna ba, kwana biyu mun cire kwanon mun mayar. In an shafa masa jan fenti..."

"Ƙarfe!" Ɗan'azumi ya yi dariya har da tari. "Ƙofar da ka yi wa mai unguwa bara fa? Je ka ɗaga fentin da farce ka ga abin da ke ƙasa. Ku shafa wa tsatsa hoda ku ce kun yi aiki. Ina dirje ƙarfe da yashi kai kana tsotson yatsa."

"Haka ne, Baba."

"To in haka ne bar min rufina."

Hadijatu ta zubar da fukafukan a gabansa. "Ni ba ruwana da wanda ya fi wani iya aiki. Uwata ce a ƙarƙashin nan, kuma ba ta iya gudu."

"Ba gudu za ta yi ba, kwanciya za ta yi, a ɗakin mijinta. Ambaliya ta zo ta gaishe shi ta wuce. Ku je ku tambayi garin nan."

Suka tafi ba su ci abincin da ya sa aka kawo musu ba. Shi kuma ya koma gindin darbejiya ya ba da labarin yadda ya kori mai walda, aka yi ta dariya.

Haka aka kwashe wata biyu. Damina ta zauna, ba a kwana biyu ba ruwa. Sai ƙofar ɗakin ta fara cijewa, sai ya sa kafaɗa take buɗuwa. Ya ce kumburin danshi ne. Wata rana yana dawowa daga gona ya hango rufin daga nesa, tsakiyarsa ya ɗan lotsa, kamar bayan tsohon jaki. Ya tsaya a kan hanya da fartanya a kafaɗa, ya daɗe. Da ya shigo Talatu tana barcin rana. Ya gangaro da turmi ciki, ya kifa shi, ya hau da doguwar ƙusa a hannu.

Ya fara ƙwanƙwasa katakon tsakiya da yatsa. Yatsan da bai taɓa yi masa ƙarya ba. Katakon ya amsa masa kamar busasshiyar ƙwarya. Ya ɗora bakin ƙusar ya ɗan danna, ba da ƙarfi ba. Ta tsaya a baƙar fatar, ta yi gardama kaɗan, sannan ta shige gaba ɗaya har kanta, kamar a tuwo. Da ya zare, jar ƙasa ta biyo ta, da gara farare guda uku suna wutsil-wutsil a tafinsa. Ya gwada na biyu. Ya gwada na uku. Ya ja turmin ya bi goma sha ɗayan duka. Sannan ya kai hannu inda katako ya shiga bango, ya ƙwaƙule ƙasar wurin. Babu bakin katako. Rami ne kawai, da hanyoyin gara sun taso daga cikin bangon sun shige.

Anan abin da ya binne shekara talatin da ɗaya ya taso masa. Ranar da za a ɗora rufin, sai aka tarar magini ya matse ɗakin, faɗinsa bai kai awon da aka yi ba. Katakan da ya gama wa aiki, da suka wuni suna shan mai, kowanne ya yi tsawo da taƙi ɗaya. Ga hadari ya haɗo ta gabas, ga bango ɗanye a buɗe. Ya ɗauki zarto ya rage su ta gefe guda, ɗaya bayan ɗaya, farin itace yana bayyana tas. Duron ya huce, man ma ya ƙare. Ya ce gobe zai samo ya ɗiga musu. Magini ya cika bango a kansu da yamman nan don kada ruwa ya shiga. Goben kuwa aka kira shi aiki Yalwan Damai, ya yi kwana goma sha biyu. Da ya dawo ɗaki ya bushe, Talatu ta jera kwanoninta. Bai gaya wa kowa ba. Ya yi ta ba da labarin ɗakin, ya yi ta bayarwa, har labarin ya rufe wurin kamar yadda ƙasa ta rufe shi.

Ya sauko daga turmin. Bai tashi Talatu ba.

Washegari ya hau babur ɗin haya ya tafi Gwaram, shagon Maikano mai fenti da magungunan ƙwari. Shekara ashirin yana wucewa ta gaban shagon nan yana tofar da yawu.

"A'a!" in ji Maikano, ya miƙe. "Mai Baƙin Hannu a shagona? Lafiya? Me za a ba ka, Baba, fenti mai ƙyalli na amare?"

"Maganin gara."

"Na me? Ƙara faɗa, kunnena ya toshe. Jama'a, ku matso ku ji abin da ban taɓa ji ba!"

"Ba nawa ba ne. Wani sakarai ne ya yi aikin banza a Zandam, aka ce in je in gyara."

"Ai na sani. Kai gara ko inuwarka ba ta takawa." Maikano ya ɗauko kwalba yana dariya. "Ta ina ta shiga wa sakaran?"

"Ta baki. Cikin bango."

"Ta daɗe?"

"Ta daɗe."

"In ka soka ƙusa fa?"

Ɗan'azumi ya kau da kai. Maikano ya dube shi, ya dubi baƙin hannun da ke kan teburin shagon. Dariyar ta sauka daga fuskarsa. Ya sunkuyo ya rage murya don kada waɗanda suka matso su ji.

"Baba, wannan kashe ta zai yi. Amma ba ya mayar da naman itace. In ta gama da ciki, ba abin da ke shagon nan da zai riƙe rufi, kai ma ka fi ni sani. Ka gaya wa mutumin ya fitar da iyalinsa."

"Zan gaya masa."

Duk da haka ya karɓi kwalbar. Da ya iso gida ya sake hawa turmi, ya huda katakon tsakiya, ya tsiyaya maganin. Ya ji shi yana gudu a ciki kamar ruwa a indararo, sai ga shi yana ɗiga can kusa da bango. Warinsa ya cika ɗakin, Talatu ta kama tari. Ya fita ya saro reshen darbejiya mai kauri, ya jawo shi yana haki, ya kafa shi a tsakar ɗaki don ya tokare. Yana bugun gindinsa da guduma, kan reshen ya shige cikin katakon ya murƙushe shi kamar ɓawon ƙwai. Ƙasa ta zubo musu. Kwano ya yi ƙara, ya ɗan ƙara sauka.

Ya zauna a bakin gadon, da ƙasa a hularsa.

"Talatu."

"Na'am, Malam."

"Akwai maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da na rufa ɗakin nan, katakan sun yi tsawo. Na yanke. Ban sa musu mai ba."

"Na sani."

Ya juyo.

"Ni na riƙe maka kana yankawa," in ji ta. "Da Hadijatu a bayana. Ka manta? Kana ta faɗa wai ina motsa maka. Guntayen ma ni na tsince. Ga huɗu nan ƙarƙashin gadona, sauran na ɗora randa da akwati."

Ya sunkuya ya duba. Shekara talatin da ɗaya yana share gefensu, yana taka su da ƙafa. Baƙaƙe, taƙi ɗai-ɗai, ko tsagewa ba su yi ba.

"Ba ki taɓa faɗa ba."

"Na faɗa. Da ka dawo daga Yalwan Damai na ce, Malam, bakin katakan nan fa? Ka ce mace me ta sani da itace."

"Bayan nan fa? Shekara nawa ina kawo mutane ina nuna musu sama, kina zaune kina ji."

Ta juyo da ido gare shi. Sannan ta ce, "Bayan mun binne yaran nan shida, me ya rage maka kake tashi da shi da safe? Ɗakin nan ne. Sai na bar maka."

Ɗan'azumi ya sunkuyar da kai.

"Kada ka kira su," in ji Talatu. "Bar ni nan. In ya faɗo ya faɗo, ai kwana ne in ya ƙare ya ƙare. Can ban san kowa ba. Wa zai riƙa cika min kunne da kububuwa?"

Wallahi ya so ya bi maganarta. Ya zauna yana juya ta a ransa har aka kira la'asar. In ya yi shiru, ba wanda zai sani; yanzu ita da bakinta ta yarda. Sai iska ta taso, kwanon ya yi wani kuka a kansu, ya ga idonta ya tafi sama, hannun mai lafiya ya damƙe bakin katifa. Hannun kaɗai ke iya motsi. Ya tashi ya tafi gidan maƙwabcinsa Iliyasu, ya ce ya kira masa surukinsa a waya.

"Ka ce masa ya zo da ƙarfen nan nasa," ya ce, yana kallon ƙasa.

Kamaluddeen ya zo da sassafe, shi da Hadijatu, amma a mota, ba da ƙarfe ba. Duk da haka ya hau turmin, don girmamawa. Ya tura yatsa a saman bango, yatsan ya nutse. Ya ɓantaro wani wuri, ciki duk huda-huda kamar saƙar zuma, ga danshi ya jiƙa shi. Ya sauko ya tsuguna.

"Baba, da wata biyu baya ne. Yanzu in na cire kwanon nan, ruwa ɗaya zai narkar da bangon. In na bar shi na sa ƙarfe, ba abin da zai zauna a kai. Sai rani, kuma sai an rushe an sake gini."

Ɗan'azumi ya jira ya ji ko yaron zai tuna masa maganar tsotson yatsa. Bai tuna masa ba. Wannan ya fi ciwo.

Da za a fitar da Talatu, Kamaluddeen ya matso zai kama, tsohon ya ture hannunsa. Shi ya sunkuce ta, shi kaɗai, ya fito da ita ta ƙofar da ke cijewa, ya ratsa tsakar gidan da ba ɗakuna, ya kwantar da ita a bayan mota da kanta a cinyar Hadijatu. Inda ya riƙe ta, baƙin tafinsa ya fito a jikin zanen. Hadijatu tana kuka, ta ce, "Baba, kai ma ka zo mana, akwai shagon kwana a ƙofar gida." Ya yi kamar bai ji ba, ita ma ta san ba zai ji ba.

Talatu ta kira shi, ya sunkuya ta tagar mota.

"Kada ka kwana a ciki," ta ce.

Kwana tara bayan nan, da azahar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, rufin ya sauko. Yana zaune a rumfarsa yana kallo. Bai yi wata ƙara mai yawa ba, ya dai durƙusa ne a hankali a kan wurin da gadon yake, bangon gabas ya biyo shi. Da ruwa ya tsagaita mutane suka cika gidan, suna salati, suna taɓa kafaɗarsa.

"Kai, Ɗan'azumi!" in ji Iliyasu. "Ka sake tsira! Wannan na nawa ke nan? Kai dai mutuwa tsoronka take ji."

Da a da ne, da ya ƙirga musu, da kububuwa da sito da komai. Sai ya taka cikin tarkacen ya jawo katakon tsakiya. Da hannu ɗaya ya ɗaga shi, ba nauyi, kamar karan dawa. Ya juya musu shi. Ciki fayau, fatar kuwa baƙa, mai sheƙi, ko ƙwarzane babu.

"Ku duba," ya ce. "Inda hannuna ya taɓa ba ta ci ba."

Gaskiya ya faɗa. Ba wanda ya musa. Suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Rani ya zo, ba a tayar da maganar gini ba. Shi ba shi da ƙarfin kwaɓa ƙasa, Hadijatu kuma ta riga ta samu abin da take so. Duk sati biyu yakan hau mota ya je Birnin Kudu. Yakan zauna a benci a ƙofar shagon walda kamar baƙo, har a leƙo a ce ya shigo. Talatu tana kwance ƙarƙashin farin silin, a ɗaki mai siminti, muryarta tana ƙara nauyi duk zuwa. Ta ce masa nan ba ta jin komai a sama, shiru kawai. A zuwansa na baya ya fara mata labarin kububuwa, ya kai rabi, ya ga ta lumshe ido, ya bari. Ba ya cin abincin gidan. Kafin la'asar ya kama hanya. In zai fita yakan ga tsatsa ta ɓullo ƙarƙashin fentin tagarta, ya sa farce zai ɗaga, sai ya janye hannunsa.

Guntayen nan goma sha ɗaya ya tono su daga cikin ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, ya wanke. Duka lafiya lau, da nauyinsu, in ka ƙwanƙwasa sai su amsa kamar dutse. Za su ƙara shekara talatin, wataƙila ma hamsin. Ya jera su a bakin rumfarsa. Ba su isa rufi ba, ba su isa ƙofa ba, ko wuta ba sa kamawa da kyau saboda man da suka sha. A kan ɗaya daga ciki yake ɗora ƙwaryar kununsa, da safe, in ya dama ya tarar ya dama na mutum biyu.